Yadda Muka Nema wa Surukina Diyyar Cutar Parkinson a Ma'aikatar Tsofaffin Sojojin Amurka

Surukina, mahaifin matata, baƙar fata ne haifaffen Amurka, kuma yana cikin samarin da aka ɗauka aikin soja na tilas aka tura su Biyetnam a ƙarshen shekarun 1960. Ya dawo da ƙafafunsa, ya musulunta a shekarun 1970, ya yi aikin tuƙin bas a Filadelfiya har ya yi ritaya, kuma tun da na san shi bai taɓa zama ya ba mu labarin yaƙin ba. A 2022 likitan jijiyoyi ya tabbatar masa da cutar Parkinson, bayan mun daɗe muna ganin hannunsa na dama yana karkarwa idan yana zaune, rubutunsa yana ƙanƙancewa, muryarsa tana raguwa har sai an matso kusa da shi. A masallacinmu ne wani dattijo, shi ma ɗan mazan jiya, ya ja ni gefe bayan sallar Juma'a ya tambaye ni ko mun shigar da takardar neman diyya a ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda kowa a nan yake kira VA. Da yake ni ne mai ɗan sararin lokaci a gidan, aikin takardun ya faɗo kaina, kuma na rubuta wannan bayani saboda 'yan'uwa Hausawa da ke da surukai ko maƙwabta irinsa, da kuma matasanmu na Najeriya da Nijar da Gana da suka shiga sojan Amurka.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda za mu tabbatar cewa abin da ya faru sama da shekara hamsin da suka wuce shi ne ya jawo karkarwar hannu a yau. Ashe doka ta riga ta sauke mana wannan nauyin. Tsakanin 1962 da 1971 sojojin Amurka sun yi feshin miliyoyin galan na magungunan kashe ciyawa da itatuwa a Biyetnam domin su kwashe ganyen da abokan gabarsu suke fakewa a ciki, kuma wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne Agent Orange, wanda yake ɗauke da gubar dayoksin. Wata doka ta 1991 ta kafa tsarin da ake ɗauka cewa duk wanda ya yi aiki a Biyetnam gubar ta taɓa shi, sa'annan aka fitar da jerin cututtukan da ake danganta su da ita ba tare da an nemi hujja daga mai nema ba. An sanya cutar Parkinson cikin jerin a 2010, a zamanin da Eric Shinseki yake shugabantar ma'aikatar, a 2021 kuma aka ƙara cututtukan da alamominsu suke kama da nata. Saboda haka abu biyu kawai ake so daga mutum irin surukina: shaidar cewa ya taka ƙasar Biyetnam tsakanin 9 ga Janairu 1962 da 7 ga Mayu 1975, ko da na kwana ɗaya ne, da kuma shaidar likita cewa yana da cutar. Sojojin ruwa da jiragensu suka shiga cikin mil 12 daga gaɓar teku su ma sun shiga tsarin da wata doka ta 2019, haka nan waɗanda suka yi aiki a iyakar Koriya ta Kudu da ta Arewa tsakanin 1967 da 1971, sa'annan dokar PACT ta watan Agusta 2022 ta ƙara Tailan da Lawos da Guwam da wasu wurare.

Wurin da muka fara zuwa ba ofishin gwamnati ba ne. Dattijon nan ya kai mu wurin jami'in ɗaya daga cikin ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da hukuma ta amince su wakilci masu nema, irin su DAV da VFW da American Legion, kuma waɗannan jami'an ba sa karɓar ko sisi. Wannan yana da muhimmanci a sani, domin tun ranar da mutum ya fara bincike a intanet zai ga tallace-tallacen kamfanoni masu alkawarin samo masa kashi 100 idan ya yarda su yanki wani abu daga kuɗinsa, alhali ko lauyan da aka amince da shi ba shi da izinin karɓar lada a kan buƙatar farko, sai bayan an yanke hukunci idan za a ƙalubalance shi. Jami'in ya sa surukina ya sa hannu a fom 21-22 wanda ya ba ƙungiyar ikon ganin fayil ɗinsa, sa'annan nan take, tun ba mu haɗa ko takarda ɗaya ba, ya shigar da fom 21-0966, wato sanarwar niyyar nema. Ya bayyana mana cewa wannan fom ɗin yana riƙe wa mutum ranar, ya ba shi shekara guda cur ya tattara hujjojinsa, kuma idan aka amince da buƙatar, daga wannan ranar za a fara lissafa masa kuɗi, ba daga ranar da ya kammala takardu ba. Ya kuma tambayi ko Baba yana da ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon zuciya, domin su ma suna cikin jerin Agent Orange, hawan jinin ma dokar PACT ce ta shigar da shi. Baba yana da hawan jini, don haka muka haɗa da shi.

Daga nan sai neman takardun aikin soja. Surukata ta ajiye takardar sallamarsa, wadda ake kira DD-214, a cikin wata tsohuwar jaka tare da takardar aurensu, amma da jami'in ya duba sai ya ce ta nuna lambar yabon hidimar Biyetnam, ba ta fito fili ta ce ya sauka a ƙasar ba, ita kuwa wannan lambar an ba da ita har ga waɗanda suka tallafa wa yaƙin daga Tailan ko daga cikin teku. Ma'aikatar tana da alhakin nemo takardun gwamnati da kanta, amma ya ba mu shawara mu ma mu nemi namu kwafin daga cibiyar adana bayanan sojoji da ke St. Louis a jihar Mizuri ta hanyar fom SF-180, kuma kyauta ne ga tsohon sojan. Wasu dattawa sun tsorata mu da labarin gobarar da ta ci wannan cibiyar a watan Yuli 1973, wadda ta ƙone fayiloli miliyan 16 zuwa 18. Gobarar gaskiya ce, amma a ɓangaren sojan ƙasa fayilolin waɗanda aka sallama kafin 1960 ta fi shafa, don haka na zamanin Biyetnam yawancinsu suna nan. Mun jira wasu watanni kafin ambulan ɗin ya iso, kuma a cikinsa akwai takardar da ta nuna rundunarsa da ranar da ya isa Long Binh, babban sansanin da ke kusa da Saigon. Na miƙa masa takardar ya riƙe ta na ɗan lokaci, sa'annan ya ce, "Ɗana, ai na ɗauka gwamnati ta manta da cewa na je."

Takardun asibiti sun fi ba mu wahala fiye da na soja. Surukina bai taɓa yin rajista da asibitocin tsofaffin sojoji ba, likitocinsa duk masu zaman kansu ne, kuma inshorar tsofaffi ta Medicare ce take biyan mafi yawan kuɗin. Akwai fom 21-4142 wanda yake ba ma'aikatar izinin ta nemi bayanan da kanta daga likitoci, mun cike shi, amma jami'in ya ce mu karɓo da hannunmu idan za mu iya, domin wasu asibitocin ba sa amsa wasiƙa da wuri. Haka kuwa aka yi. Wani ofishin likita ya ba mu a rana guda ta shafinsa na intanet, wani kuma sai da matata ta yi ta sintiri, kuma suka caje mu kuɗin kwafi. Wannan kuɗin da na mai da na fakin su ne kusan duk abin da muka kashe a harkar gaba ɗaya. A daidai wannan lokacin muka cike fom 10-10EZ muka yi masa rajistar lafiya, wanda hanya ce dabam da ta diyya, domin ɓangaren asibitoci daban yake da ɓangaren biyan haƙƙoƙi ko da yake ma'aikata ɗaya ce. Ta wannan rajistar ya samu shiga cibiyar Parkinson ta tsofaffin sojoji da ke Filadelfiya, ɗaya daga cikin cibiyoyi shida da aka kafa a 2001, sauran suna Richmond da Houston da Los Angeles da San Francisco da kuma yankin Portland da Seattle.

Mun shigar da cikakkiyar buƙatar a fom 21-526EZ a 2023, kafin shekarar niyyar ta cika. Bayan wani lokaci aka kira mu daga wani kamfani da yake yi wa ma'aikatar gwaje-gwaje bisa kwangila, aka ba mu ranar gwajin diyya, wanda ake kira C&P a taƙaice. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin suna zaton ganin likita ne na neman magani, alhali mai gwajin ba zai rubuta ko ƙwaya ɗaya ba, aikinsa shi ne ya cike wata doguwar takardar tambayoyi game da yadda cutar ta shafi jiki, wadda daga ita ne wani ma'aikaci da bai taɓa ganin mara lafiyan ba zai yanke kaso. An sa mana gwajin da hantsi. Surukina ya sha maganinsa na lebodofa da safe kamar kullum, kuma duk mai jinyar wannan cuta ya san cewa idan maganin ya kama jiki, mutum yakan koma kamar ba shi ba, karkarwar ta lafa, tafiyar ta daidaita, sai bayan 'yan awoyi idan ƙarfinsa ya sauka jiki ya sake sandarewa. Ya sa riga mai kyau, ya shiga da kansa ba sanda. Mai gwajin mace ce mai kirki, ta sa shi ya taɓa hancinsa, ya buɗe hannu ya rufe, ya yi tafiya zuwa bango ya juyo. Da ta tambaye shi game da haɗiyar abinci da barci da fitsari da bayan gida, ina zaune a gefe na ji yana amsa kowace tambaya da cewa ba laifi, yana iya jurewa. Ni kuwa kunyar surukuta ta rufe mini baki, domin a tarbiyyar da na taso da ita ba a ce wa surukin mutum ba haka ba ne a gaban baƙuwa, balle a kan maganar fitsarinsa.

Wasiƙar hukunci ta zo bayan 'yan watanni, an amince cewa cutar tana da alaƙa da aikin soja, an ba shi kashi 30. Mun yi murna da farko, domin ba a musanta komai ba. Da muka kai wa jami'in ƙungiyar wasiƙar sai ya bayyana mana cewa kashi 30 shi ne mafi ƙanƙantar abin da ƙa'ida ta tanada wa duk mai Parkinson da alamominta suka bayyana, ƙarƙashin lamba 8004 a littafin auna nakasa. Hanyar samun abin da ya fi haka ita ce a auna kowace matsala da cutar ta haifar a kan kanta: hannun dama daban, na hagu daban, kowace ƙafa daban, sa'annan murya, haɗiya, maƙalewar bayan gida, matsalar mafitsara, damuwa ko raunin tunani, rashin jin ƙamshi, kowanne da lambarsa da ma'auninsa. Idan jimillarsu ta wuce 30, sai ta maye gurbin mafi ƙarancin. Wanda ya yanke mana hukunci ya bi abin da ya gani a takarda, takardar kuwa ta ce ba laifi. Bambancin kuɗin ba ƙarami ba ne. A ma'aunin 2024, tsohon soja shi kaɗai mai kashi 30 yana samun dala 524 a wata, mai kashi 70 dala 1,716, mai kashi 100 kuwa dala 3,737, ba a cire haraji a ciki, kuma daga kashi 30 zuwa sama ana ƙara wani abu saboda mata da 'ya'yan da ke ƙarƙashinsa idan an cike fom 21-686c.

Tun 2019 hanyoyi uku ne ake bi idan ba a gamsu da hukunci ba. Ana iya neman wani babban ma'aikaci ya sake duba fayil ɗin kamar yadda yake ba tare da an ƙara komai ba, ana iya shigar da ƙarin buƙata tare da sababbin hujjoji a fom 20-0995, ana kuma iya ɗaukaka ƙara zuwa gaban alƙalan hukumar sauraron ƙararraki ta ma'aikatar da ke Washinton, wadda ita ce ta fi ɗaukar lokaci. Tunda matsalarmu ƙarancin bayani ce, hanya ta biyu muka bi, kuma muka tabbatar mun yi cikin shekara guda daga ranar wasiƙar, domin da haka ne ranar niyyar nan ta farko take ci gaba da aiki. Sai da muka fara shawo kan Baba kansa, wanda yake ganin lissafa ciwo a takarda kamar roƙo ne, ko kuma rashin godiya ga Allah da ya dawo da shi da rai alhali abokansa sun dawo a cikin akwatuna. Limaminmu ne ya faɗa masa cewa haƙƙi ne da doka ta rubuta masa, kuma faɗin gaskiyar ciwo ga wanda aka naɗa ya auna shi ba ya rushe haƙuri. Ni dai a ganina wannan ɗabi'ar tamu ta amsa gaisuwar ciwo da cewa da sauƙi, wadda na tarar ashe tsofaffin sojojin nan ma suna da irinta, tana da kyau a zaure, amma a ɗakin gwaji asara take jawowa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka surukata muka miƙa wa biro. Ta ɗauki littafi tana rubuta abin da take gani kullum: ƙarfe nawa ya sha magani da ƙarfe nawa ƙarfinsa ya sauka, daren da ya yi ihu ya kai duka cikin barci, ranar da ya shaƙe da ruwa, sau nawa yake tashi fitsari da dare, yadda ƙafarsa take kafewa a bakin ƙofa ya kasa ɗaga ta, da yadda ya koma yin salla a kan kujera saboda ba ya iya tashi daga sujada. Ta rubuta cewa ita take ɓalla masa maɓallan riga, ita take yanka masa nama a faranti. Daga wannan littafin muka fitar da bayanin shaida a fom 21-10210, ita ta yi nata, matata ta yi nata, ni ma na rubuta abin da na gani na faɗuwarsa a matakala, na bar musu abin da ya shafi sirrinsa. Mun kai wa likitan jijiyoyinsa littafin, ya ce da yawa daga cikin abubuwan nan bai taɓa jin su ba, ya shigar da su fayil, ya tura shi gwajin haɗiya da kuma ganin likitan mafitsara da na ƙwaƙwalwa. Waɗannan sakamakon su ne sababbin hujjojinmu.

An sake kiransa gwaji, wannan karon fiye da ɗaya, domin na lafiyar ƙwaƙwalwa daban ake yin sa. Ba mu hana shi shan magani ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya tsallake maganinsa domin ya nuna ciwo, saboda dakatar da lebodofa kwatsam yana da haɗari. Abin da muka yi shi ne surukata ta shiga tare da shi da littafinta, ta faɗa wa mai gwajin cewa wannan lokacin ƙarfin magani ne, ga yadda yake kasancewa da la'asar. Kafin su shiga na durƙusa kusa da kujerarsa na ce, "Baba, don Allah ranar da ta fi muni za ka ba su labari, ba ta yau ba," sa'annan na koma mota na jira, domin ya samu sakewa ya faɗi abin da ba zai faɗa a gabana ba. Jiran da ya biyo baya shi ne ya fi nauyi, domin a shafin intanet na ma'aikatar mutum yana ganin fayil ɗinsa ya matsa daga matakin tattara hujja zuwa na dubawa, wani lokaci kuma ya koma baya idan an buƙaci ƙarin bayani daga mai gwaji, kuma wannan komawar ba alamar ƙi ba ce. Wanda ya kai shekara 85, ko yake cikin matsanancin ciwo ko matsin kuɗi, yana iya neman a gaggauta masa, amma surukina bai shiga cikin waɗannan ba.

A 2024 hukunci na biyu ya fito da kashi 80. Da na tara kason da aka ba kowace gaɓa da kowace matsala sai na ga sun haura 100, na ɗauka an yi kuskure, ashe lissafin nasu ba tarawa ba ne. Ana ɗaukar mutum a matsayin mai lafiya 100, a cire mafi girman nakasa, sa'annan ta biyu a cire ta daga abin da ya rage. Wanda yake da kashi 50 da kashi 30, ana cire 30 cikin ɗari na ragowar 50, wato 15, ya zama 65, sa'annan a mayar da shi ga goma mafi kusa, ya zama 70. Akwai ɗan ƙari da ake yi idan nakasar ta shafi hannaye biyu ko ƙafafu biyu, amma duk da haka hawa daga 80 zuwa 100 yana da wuya ƙwarai. Cikon kuɗin da ya taru tun daga ranar fom ɗin niyya ya shiga asusunsa a dunƙule, har ya riga wasiƙar isowa gida. Da shi aka gyara banɗaki aka sa masa maƙalai a bango. Tunda ya wuce kashi 70, surukata ta cancanci neman shiga shirin tallafa wa masu jinya a gida da fom 10-10CG, kuma idan ya kai ga ba ya iya wanka ko cin abinci sai da taimako, akwai ƙarin alawus da likita yake cike wa fom 21-2680. Cutar ba ta tsayawa wuri ɗaya, don haka ana iya neman ƙarin kaso duk lokacin da ta tsananta.

Ba Biyetnam kaɗai ba ce ƙofar. Duk wanda ya yi aiki aƙalla kwana 30 a sansanin Camp Lejeune da ke Karolina ta Arewa tsakanin 1 ga Agusta 1953 da 31 ga Disamba 1987, lokacin da ruwan shan wurin ya gurɓata da sinadaran wanke injina da na wankin tufafi, shi ma tun 2017 ana ɗaukar Parkinson ɗinsa a matsayin ta aikin soja. Matasanmu da suka je Iraƙi da Afganistan kuwa lamarinsu ya bambanta, domin Parkinson ba ta cikin jerin cututtukan da dokar PACT ta danganta da hayaƙin ramukan ƙona shara na sansanonin soja. Sassaucin da suke da shi ya shafi wanda ya samu matsakaicin rauni ko mai tsanani a ƙwaƙwalwa a bakin aiki kuma aka amince da raunin, shi ana danganta cutar da wannan raunin. Sauran sai sun kawo wasiƙar likita wadda ta ce yiwuwar aikin soja ne sanadi ta kai aƙalla rabi, tare da dalilansa, kuma wannan wasiƙar ba ta rubutuwa sai akwai abin da aka shigar a fayil tun mutum yana cikin kaki. Don haka wanda yake aiki yanzu, idan fashewar bam ta girgiza shi ko ya yi shekaru yana wanke injina da sinadarai, ya je asibitin sansani a rubuta, kuma ya karɓi kwafin fayil ɗinsa kafin a sallame shi. Wanda ya yi niyyar komawa Kano ko Kumasi ko Maraɗi bayan ritaya ba ya rasa diyyarsa saboda ya bar Amurka, kuma akwai shirin da yake biyan kuɗin jinyar cututtukan da aka amince da su a ƙasashen waje, sai dai yana da rajistarsa daban, wadda ya fi sauƙi a yi ta tun kafin a tashi.